Hayaƙin Tama da Audugar Hansai

A wani ƙauye kusa da Gozaki, tun Turawa ba su ko leƙo ƙasar Katsina ba, an yi wasu shekaru da ƙarfe ya yi wa mutane wuya. Sai fatake sun kawo shi a kan jakuna daga nesa, shi ma ɗan kaɗan, a yi ta rububi a kansa. Za ka ga ƙato da gemunsa yana noma da fartanyar da ta cinye ta koma kamar tafin hannun yaro, yana yi yana tsaki. To a cikin wannan hali ne Mudi maƙeri ya tono tama, wato dutsen da ake narkewa a samu ƙarfe, a gindin dutsen da ke arewa da gari.

Tama ce mai nauyi, jikinta duk ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Narkin farko bai yi ba. Ƙarfe dai ya fito, amma da an ɗora shi a kan uwar maƙera an sa masa masaba sai ya tsage ya wargaje. Aka yi wa Mudi dariya har ta ishe shi. Shi kuwa taurin kai gare shi tun yana ƙarami, bai bari ba, sai da ya gano maganin abin: in aka fara gasa tamar a fili, a bar ta ta yi ta fitar da wani hayaƙi mai warin farar wuta har ya ƙare, sannan a narka, sai ƙarfe ya fito lumui, ka lanƙwasa shi yadda ka so.

Ranar da ya ƙera garmar farko, garin nan kamar ana suna a kowane gida. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu, wannan ya ƙwanƙwasa ya kara a kunne, wancan ya gwada kaifinta a farce. Wadda ta fi kowa rawar kai kuwa ita ce Hansai, yayar Mudi, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ba ta da mai ce mata zauna. Ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe, duk wanda ta haɗu da shi sai ta ce masa, "Ka ga garmar? Ƙanena ne ya yi ta, ni na yaye shi."

Maƙeran garin suna da ƙa'ida biyu da suka gada. Ta farko, mace ba ta shiga wurin wutar tama. Ana kewaye wurin da shingen ƙaya, in kuwa ƙafar mace ta taka ciki, to wutar ta ɓaci, dole a binne ta nan take, ba a sake hura wata sai wata shekara. Ta biyu, da ruwan farko ya sauka ana kashe wuta, sai kuma rani. Ta farkon babu mai wasa da ita. Ta biyun ce aka ce a ɗaga mata ƙafa bana, don kowa yana son garma, kuma Maigari Maiwada ya riga ya aika wa ƙauyukan maƙwabta cewa su shirya, ƙarfe ya samu. Aka ce ai iyaye sun sa ƙa'idar ne kawai don maƙera su samu su je gona.

Aka kira gayya. Maza suka yi ta jidar tama da itace zuwa cikin shingen da ke gindin dutse, a shimfiɗa itace a zuba tama, a sake shimfiɗawa a sake zubawa, har tsibin ya fi ɗaki tsawo. Aka cinna masa wuta lokacin da shuka ta riga ta yi ƙwari. Ba ci yake yi da harshe ba, cin ciki yake yi a hankali, hayaƙi fari-fari yana fita dare da rana.

Ita kuwa Hansai tana da wani abu guda da take ji da shi, wato irin audugar uwarsu. Auduga ce fara sol mai dogon gashi, in kana kaɗi zarenta ba ya tsinkewa, kuma duk ƙasar nan babu mai irinta. Uwarsu ce ta ƙullo anguryar a gefen zane lokacin da suka baro garinsu na asali. Da ranin nan ɓeraye suka fasa tukunyar da Hansai take ajiyar iri, suka yi mata ɓarna, abin da ya rage bai cika ƙoƙo ba. Ta kwashe shi duka ta shuka a gayaunarta da ke yamma da dutse, ba ta bar ko ƙwaya ɗaya a gida ba. In wannan shukar ta mutu, iri ya ƙare ke nan.

Audugar ta taso kore shar, Hansai na zuwa kullum tana yi mata magana kamar mutum. Sai wata safiya bayan an kwana ana yayyafi ta iso ta tsaya cak. Ganyen duk ya yi tabo-tabo, gefensa ya ƙone ya naɗe, kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ta durƙusa tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya tana neman tsutsa, babu. Ta tona gindi ko gara ce, babu. Ta leƙa gonar maƙwabta, waken da ke cikin dawa shi ma ya yi haka.

Ka san mutanenmu. Kafin azahar kowa ya zama masani. Wannan ya ce darɓa ce, wancan ya ce baki ne ya kama gonakin, wata tsohuwa ta rantse sammu ne daga wani ƙauye da ke baƙin cikin ƙarfensu. Hansai ta saurare su duka, babu wanda ya gamsar da ita, don dai ta ga gonakin kudu da gari lafiya lau suke, ko tabo babu.

Sanda ne ya ba ta bakin zaren. Bafulatani ne da ya daɗe da zama a garin, yana noma yana kiwo, shanunsa kan bi ta gefen gayaunarta. Ya tarar da ita tana zaune ta yi tagumi, ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Kin san kwarmin dutsen nan da ruwan sama ke taruwa, nan bayan gonarki? Shanuna sun ƙi shansa. Su sunsuna su kau da kai. 'Yan kwaɗin da ke ciki ma duk sun mutu sun taso. Amma na gabas da dutse suna sha har su ƙoshi."

Hansai ta ɗago kai. "Na gabas suna sha?"

"Suna sha."

Ta juya ta dubi dutse. Hayaƙin tsibin Mudi yana kwance a ƙasa-ƙasa, iska na tura shi yamma, kai tsaye bisa gonarta. Hadarin ƙasar nan kuwa daga gabas yake tasowa, kullum nan zai koro hayaƙin. Wani abu ya motsa mata a zuciya, rabi tsoro rabi zumuɗi.

Ta ce, "Sanda, zan ba ka ƙwarya sabuwa. In an sake ruwa ka tara mini a gabas, a fili, kada ka sa ta ƙarƙashin itace. Ni kuma zan tara tawa a nan."

Da aka sake yayyafi suka haɗu da ƙoransu. Ta kurɓi na Sanda, ruwa ne garau, ruwan Allah. Ta kurɓi nata, sai ta yamutsa fuska ta tofar. Tsami gare shi, ba mai yawa ba, amma irin mai dasashe haƙora, da wani ɗan ƙauri a bayansa. Ta miƙa wa Sanda, ya ɗanɗana ya goge baki da hannun riga. Ta zuba kaɗan a ƙoƙo, ta kwance bakin zanenta ta ɓantari kanwa ta jefa a ciki, yadda take yi wa miyar yakuwa in ta yi tsami, ta juya da yatsa ta sake ɗanɗanawa. Tsamin ya mutu.

"Na kama shi," in ji Hansai, tana dariya ita kaɗai. "Wallahi na kama shi, Sanda. Ba sammu ba ne, ba baki ba ne. Ruwan ne ke da tsami, hayaƙin ne ke sa masa."

Murnar ba ta daɗe ba, don nan da nan ta tuna hayaƙin wane ne. Duk da haka ba ta zauna ba. Ta kwashe tokar murhunta da ta maƙwabta, ta bi gindin audugar tana barbaɗawa ko ƙasa ta samu sauƙi. Sai dai ta sani sarai toka a gindi ba za ta hana ganye ƙonewa daga sama ba. Audugar ta fara ƙunshe fure, rabin ganyenta ya zube. In ruwan nan ya sake dukanta da hayaƙi a sama, ba za ta kai ba.

Washegari da safe ta ɗauki ragowar ruwan da ba ta sa wa kanwa ba, ta nufi ƙofar gidan Maigari, inda dattawa ke zama. Mudi yana nan, da Baba Hussaini, tsohon da ke shugabantar maƙera. Ta durƙusa daga gefe ta yi gaisuwa, ta zayyana musu komai, tun daga ganye har shanun Sanda. Tana magana da sauri, kalma na tuntuɓe da kalma, don ta ɗauka da sun ji za su miƙe.

Wani ya fara ƙyaƙyatawa, saura suka ɗauka. Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Hansai, hayaƙi sama yake tafiya, ruwa kuma ƙasa yake zuwa. A ina suka zauna har suka ƙulla wannan shawara?"

"Ranka ya daɗe, a hanya suka haɗu," in ji ta. "Duk macen da ta taɓa girki a ɗakin da ke yoyo ta san ruwan da ya biyo ta kunkunniya ba ya sauka fari. Ga shi nan, a ɗanɗana."

Babu wanda ya miƙa hannu. Wa zai sha ruwan gardamar mace a gaban jama'a? Sai Mudi ya taso ya karɓi ƙwaryar. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Hansai ta kafa masa ido. Ta san fuskar nan tun tana share mata majina, ta ga muƙamuƙinsa ya motsa. Amma bai ce uffan ba, ya ajiye ƙwaryar ya koma ya zauna yana kallon ƙasa.

Maigari ya ce, "To kin gani. Ki yi haƙuri, tsibin ya kusa nuna. Gumin garin nan duka yana cikinsa, kuma na riga na yi wa maƙwabta alkawari. In aka kashe shi yanzu tamar ba ta gasu ba, aikin ya tashi a banza. Auduga ai ba ta ƙare a duniya ba, kowa zai ɗebo miki iri."

"Ba irin uwarmu ba," in ji Hansai. Ta faɗe shi ne tana kallon Mudi, shi kuwa bai ɗago ba.

Ta koma gida ranta a ɓace ƙwarai. Ba dariyar ce ta ƙona mata rai ba, shirun Mudi ne. Ta yi ta zagaya tsakar gida tana faɗa da kaji, ta ɗauki mazari ta ajiye, ta hura wuta ta kashe.

Bayan azahar iska ta tsaya cik, zafi ya dami gari. Hansai ta fito ta dubi gabas, sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Ta dubi arewa, hayaƙin ya taru ya yi kauri a kan dutse, yana jiran abin da zai tura shi. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta tamke zanenta a ƙugu, ta gyara kallabi, ta fita.

Da farko tafiya take yi, daga baya ta koma sassarfa, kafin ta bar bayan gari gudu take yi sosai, dattijuwa da furfurarta, ƙafa ba takalmi. Matan da ke kwashe shanya suka bi ta da kallo. Wata ta gane inda ta dosa, ta dafe ƙirji ta kira sunanta, Hansai ko waiwaye. Kafin ka ce me, mata da maza sun biyo ta a baya, wasu don su hana, wasu don kada a ba su labari. Ita kuwa, abin mamaki, daɗi take ji. Tun tana budurwa rabon da ta yi gudu irin wannan.

Abu ɗaya ke damunta, ƙofar shingen. Da wani ƙaton reshen ƙaya ake toshe ta, sai namiji mai ƙarfi ke iya jan sa, in ta tsaya kokawa da shi za a cim mata a riƙe ta. Ta zagayo dutse tana haki, wari ya daki hancinta, idonta ya fara ruwa. Sai ta ga ƙofar a buɗe, an janye reshen an jingine shi gefe.

Maƙera suna ciki suna gyara gefen tsibi kada ruwa ya zaizaye shi. Mudi na tsaye kusa da ƙofa ya ba ta baya. Baba Hussaini ne ya fara hango ta, ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ke, tsaya nan!"

Hansai ta yi bisimilla ta taka. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba ma, kada wani ya ce bai gani ba. Ta ratsa har gindin tsibin, ta tsaya a tsakiyar maza tana tari, zafin ƙasa na cin tafin ƙafarta.

Can wani saurayin maƙeri ya ce, "Baba, ai tsohuwa ce, ko za a…"

"Mace ce," in ji Baba Hussaini. "Wuta ta ɓaci. Mun karya ƙa'ida ɗaya, ga abin da ta jawo mana, ba za mu ƙara karya wata ba. A binne ta."

Daga nan fa sai wuri ya kaure. Mutanen da suka biyo ta suka tarar an fara, maza suka faɗa aiki ba tare da an kira su ba, don ko mai jin haushin Hansai ya fi jin tsoron wutar da ta ɓaci. Masu garma na sara, masu kwando na jida, wanda bai samu komai ba ya tuɓe riga ya cika ta da ƙasa. Aka yi ta watsa wa tsibin, hayaƙi ya toshe nan ya ɓullo can, a bi shi a danne. Iska ta taso da ƙarfi tana kwasar ganye, aradu na ta ruri a gabas. Mata daga wajen shinge suna miƙo ƙasa a ƙwarya, Sanda ya bar shanunsa yana tattake gefen tsibi da ƙafa. Har Maigari da ya iso yana faɗa, aka ga ya naɗe hannun riga ya karɓi kwando. Mudi kuwa yana can saman tsibin, ya fi kowa aiki, bai dubi inda yayarsa take ba ko sau ɗaya.

Hansai ta fito ta tsaya a waje, ba mai kula ta. Masu wucewa wasu su harare ta, wasu su yi tsaki. Ta san abin da ta jawo: bana babu garma, Maigari zai ji kunya a idon maƙwabta, kuma sunanta zai daɗe a bakin mutane. Idonta dai na kan hayaƙin. Ya yi siriri, ya koma kamar zare, ya yanke. Iska ta share abin da ya rage a sama ta wuce da shi. Jim kaɗan ɗigon farko ya faɗo mata a goshi.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka watse da gudu. Hansai ta tara tafin hannunta ta kai baki, ta sake tarawa ta sake sha don ta tabbata. Ruwa ne kawai. Sai ta zauna daɓas a kan dutse tana kuka tana dariya.

Mudi ne na ƙarshen fitowa, jikinsa duk laka, idonsa jawur saboda hayaƙi. Ya ja reshen ƙayar ya mayar da shi ƙofa shi kaɗai. Hansai ta miƙe ta shirya, ta san ko zagi ne ta ci, ko ya ce ba shi ba ita. Ta ga shekarar ƙanenta duka a binne a ƙarƙashin ƙasar can, kuma ita ta binne ta.

Ya zo daidai ita ya tsaya, ya waiga ya ga babu kowa kusa. Bai dube ta ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kin daɗe. Tun da hadari ya haɗo na janye ƙayar nake jiranki."

Ya saɓa garmarsa ya kama hanyar gari cikin ruwa. Hansai ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, sannan ta juya ta nufi yamma, wajen audugarta.